Ranka Ya Daɗe, Amma Har Yaushe?

Ranar 3 ga Satumba 2025, shugaban ƙasar Sin Xi Jinping da takwaransa na Rasha Vladimir Putin suna tafe tare zuwa dandalin faretin soja a birnin Beijing, sai makirufon da ke watsa bikin kai tsaye ya ɗauko hirarsu. Wanda ya ji an ce an jiyo hirar waɗannan manya zai zaci zancen yaƙi ne ko na ciniki. Ashe dattawa biyu ne, kowannensu ɗan shekara 72, suna zancen tsufa. Ta bakin tafinta, Putin ya nuna cewa idan ana ta sauya wa mutum gaɓoɓin da suka gaji da sababbi, zai iya ƙara ƙuruciya, ƙila ma ya daina mutuwa. Xi ya amsa cewa akwai masu hasashen a cikin wannan ƙarni mutum zai iya kai shekara 150.

Maganar manya ba ta kwana inda aka yi ta. Irin wannan zance yakan bi intanet ya shiga TikTok da WhatsApp, a yanka shi, a ƙara masa gishiri, ya iso wayoyin da ke hannun samarinmu a Agye da Gazawa da Gidan Rumji. Daga nan sai ya shigo aji. Duk malamin da ke riƙe da ƴan aji shida ko ƴan kwaleji ya san irin tambayar: "Mushe, wai da gaske ne Turawa sun kusa gano maganin mutuwa?"

Amsa biyu ce ta fi saurin zuwa baki. Ta farko: "Yi mana shiru, wannan saɓo ne." Ta biyu: "Ai waɗannan mutane babu abin da ya gagare su." Ta farko tana koya wa yaro cewa addininsa yana tsoron tambaya. Ta biyu tana koya masa cewa duk abin da ya fito daga waya gaskiya ne. A ganina yaron ya cancanci amsa ta uku, ko da ta fi tsawo. Kimiyya ba ta da maganin mutuwa, babu kuma alamar ta kusa samun shi. Ko da ta samu, ba zai zama alheri ga al'umma irin tamu ba. Amma akwai wata mutuwa da aka riga aka rage mata ƙarfi a ƙauyukanmu, wato mutuwar ƙananan yara, kuma can ya kamata hankalinmu da ɗan abin hannunmu su karkata.

Ina kimiyya ta tsaya?

Kwaɗayin dawwama tsoho ne. Sarkin da ya fara haɗe ƙasar Sin wuri guda, Qin Shi Huang, ya tura jiragen ruwa neman maganin da zai hana shi mutuwa. Ya rasu a shekara ta 210 kafin haihuwar Annabi Isa yana ɗan shekara 49, kuma masana tarihi da dama na zargin magungunan da yake sha don ya dawwama su suka gaggauta masa. Abin da ya canza a yau shi ne yawan dukiyar da ake zubawa. Kamfanin Google ya kafa Calico a 2013 don binciken tsufa. A 2022 aka buɗe Altos Labs da jarin dalar Amurka biliyan 3. Wani attajiri Ba'amurke mai suna Bryan Johnson yana kashe kimanin dalar Amurka miliyan 2 kowace shekara a kan jikinsa shi kaɗai. A 2023 har ruwan jinin ɗansa ɗan shekara 17 aka ɗura masa, daga baya shi da bakinsa ya ce bai ga amfanin hakan ba, ya daina.

To me aka samu? Mu duba da adalci, domin akwai ilimi na gaske a ciki. Jikin mutum an gina shi da ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, waɗanda ke rabuwa biyu su maye gurbin waɗanda suka lalace. A 1961 wani masani, Leonard Hayflick, ya nuna cewa lafiyayyar ƙwayar jikin mutum tana rabuwa wajen sau 50 ne, daga nan ta tsaya. Akwai ƙwayoyin da suka tsallake wannan iyaka. Na wata mata mai suna Henrietta Lacks, wadda ta rasu a Amurka a 1951, har yau suna hayayyafa a ɗakunan bincike na duniya. Sai dai ƙwayoyin ciwon daji ne, kuma su suka kashe ta. Wannan darasi ne da nake so kowane ɗalibi ya ji: a cikin jikinmu, ƙwayar da ta ƙi mutuwa ita ke kai mai ita kabari.

A 2006 Shinya Yamanaka na Japan ya gano hanyar mayar da tsohuwar ƙwaya ta koma ɗanya kamar ta ɗan tayi, har ya sami kyautar Nobel a 2012. A kan wannan kamfanoni irin su Altos suka ɗora fatansu. Amma sabunta ƙwaya ɗaya a cikin kwalba daban, mayar da tsoho ɗan shekara 80 saurayi daban. Da aka matsa gwajin a jikin ɓeraye, ƙari ya riƙa fito musu. Dashen gaɓoɓin da Putin ke magana kuwa, duk wanda ya taɓa jinyar mai ciwon ƙoda ya san ba sauya tayar babur ba ne. Aiki ne mai haɗari, ga shan magani har iya rayuwa don kada jiki ya ƙi baƙuwar gaɓa, ga maganin kansa yana raunana garkuwar jiki. Ƙwaƙwalwa kuma ba a dasa ta. In an sauya ta, an sauya mutumin.

Wasu suka ce to a kwashe tunanin mutum a zuba a kwamfuta. A watan Oktoba 2024 masana suka fitar da cikakkiyar taswirar ƙwaƙwalwar wani ɗan mitsitsin ƙuda mai bin ƴaƴan itace, mai ƙwayoyi wajen 140,000, bayan shekaru ana aiki. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana da wajen biliyan 86. Ko an iya kwafe ta ma, ranar da aka ɗauki makararka kwafin ne zai ci gaba da surutu, kai kana ƙarƙashin ƙasa. Wasu kuma suna biyan kimanin dalar Amurka 200,000 don a daskarar da gawarsu a jihar Arizona, cikin sanyin da ya kai maki 196 ƙasa da sifiri, da fatan wata rana a tashe su. Tun 1967 ake wannan, har yau ba a tashi ko mutum ɗaya ba.

Ga lissafi mai sauƙi da za a iya rubuta wa yara a allo. Wadda aka tabbatar da takardu ta fi kowa daɗewa a wannan zamani ita ce Jeanne Calment ta Faransa, da ta rasu a 1997 tana da shekara 122. Duk biliyoyin da aka kashe tun daga lokacin, babu wanda ya kamo ta. Kuma ko an magance tsufa gobe, ba a magance harsashi ba, ba a magance haɗarin mota a hanyar Maraɗi zuwa Damagaram ba, ba a magance ambaliya da gobara ba. Dubban ƴan uwanmu da suka tsallako daga Zamfara da Sakkwato da Katsina zuwa yankin Gidan Rumji tun 2019, ba tsufa suka gudo wa ba.

Mutuwar da aka riga aka rage

Yanzu mu dawo gida. Duk wanda ya girma a karkarar Hausa ya san sunaye irin su Ajuji, Ayashe da Barmani. Sunayen ƴaƴan wabi ne, na uwar da ta haifa ta binne, ta sake haifa ta binne, har ta kai ga raɗa wa jariri suna kamar ba a son shi, ko mutuwa ta raina shi ta wuce. Kakanninmu ba su da allura, ba su da gidan sauro mai magani, dabarar da ke hannunsu ke nan. Ina duba rajistar aji shekara da shekaru, kuma ina ganin sunayen nan suna ta yin ƙaranci. Akwai dalili.

Binciken lafiyar jama'a na ƙasa na 1992 ya nuna cewa cikin yara 1,000 da aka haifa a Nijar, 318 ba sa kai shekara biyar. Kusan ɗaya cikin uku ke nan. A 2006 adadin ya sauko zuwa 198, a 2012 ya kai 127. A lokacin samun ƴancin kai a 1960, matsakaicin tsawon ran ɗan Nijar bai kai shekara 40 ba, yau ya haura 60. Mafi yawan wannan ƙari daga jarirai ya fito: waɗanda a da ake naɗewa a tsumma a kai bayan gari, yanzu suna girma, suna zaune a kan bencinmu.

Da me aka yi wannan aiki? Da abubuwa masu arha, kuma da yawansu a gaban idonmu aka gwada su. A shekarar yunwa ta 2005, ƙungiyar likitoci na gari na kowa, MSF, ta yi wa yara sama da 60,000 masu tsananin tamowa magani a Nijar, mafi yawansu a jihar Maraɗi. Makaminta shi ne Plumpy'Nut, haɗin gyaɗa da madara da sukari da mai da sinadaran gina jiki, wanda uwa ke ba yaro a gida maimakon a kwantar da su makonni a gidan likita. Abin da aka koya a nan ya taimaka wajen sauya yadda duniya ke jinyar tamowa. Tun 2006 gwamnati ta ayyana maganin yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta. A 2010 aka fara sabuwar allurar sanƙarau, wadda kuɗin ƙwaya ɗaya bai kai rabin dalar Amurka ba, kuma nau'in sanƙarau ɗin da ya fi yi mana annoba a da ya kusa ɓacewa.

A 2013 Gidan Rumji na cikin wuraren farko a Nijar da aka fara rabon maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na damina, wanda ake ba yara daga wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar sau ɗaya a wata a lokacin da sauro ya fi yawa. Gwaje-gwaje sun nuna yana kare kusan kashi uku cikin huɗu na kamuwa da zazzaɓin. A shekarar dai Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijar ta rabu da kurkunu. A maƙwabtanmu Madarunfa aka gwada wani rigakafin gudawar jarirai mai jure zafi, aka buga sakamakon a 2017. A watan Satumba 2024 kuma aka ƙaddamar da allurar zazzaɓin cizon sauro a Gaya.

Aikin bai ƙare ba. Har yanzu fiye da yaro ɗaya cikin goma a ƙasar nan ba ya ganin shekararsa ta biyar, muna cikin mafi muni a duniya. Iyaye sun san sau nawa ake zuwa gidan likita a tarar maganin kyauta ya yanke. Mu malamai kuwa ba za mu manta da watan Nuwamba 2021 ba, lokacin da wuta ta kama azuzuwan zana a wata makarantar firamare a birnin Maraɗi, yara sama da 20 ƴan shekara biyar da shida suka rasu. Fasahar da za ta cece su ba ta wuce bulo da siminti da kwano ba.

Ku riƙe wannan a zuciya ku sake duban kuɗin da Bryan Johnson ke kashewa a shekara guda. A farashin waccan allura ta sanƙarau, zai yi wa mutum miliyan 4 rigakafi, fiye da dukan al'ummar jihar Maraɗi a ƙidayar 2012. Kuɗinsa ne, babu mai ƙwace masa. Amma idan ana zancen tsawaita ran ɗan Adam, ya dace a tambaya: ran wa?

In da zai yiwu, muna so?

Mu ƙaddara, don muhawara kawai, cewa gobe an gano maganin da ke kai mutum shekara 150 ko fiye. Tambayar farko ita ce ta kuɗi, kuma muna da misali a hannu. Ciwon sikila, wato amosanin jini, a Afirka ya fi yawa, gidaje da yawa a yankinmu sun san kukan daren yaron da ƙashinsa ke ciwo. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka suka amince da wani magani mai suna Casgevy, da ke gyara ƙwayoyin gado na mai ciwon. Farashinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ga mutum ɗaya, sama da sefa biliyan ɗaya. Maganin yana nan, amma yaron Gazawa mai sikila bai san an yi ba. Idan haka aka yi da cutar da ta fi cin baƙar fata, wa zai gaya mini maganin tsufa zai iso kasuwar Gazawa? Zuwa yau mutuwa rigar kowa ce, sarki da talaka likkafani iri ɗaya. Ranar da aka iya sayen ƙarin shekara ɗari, an raba ɗan Adam gida biyu: masu daɗewa da masu yi musu bauta su wuce.

To mu ƙaddara kuma an raba shi kyauta. Nan ma sai mu duba gonakinmu. A 1960 dukan Nijar ba ta wuce mutum miliyan uku da rabi ba. A ƙidayar 2012 jihar Maraɗi ita kaɗai ta kai miliyan 3.4, kuma binciken wannan shekara ya nuna matsakaiciyar mace a jihar tana haihuwar yara sama da takwas. Ƙasar noma ba ta haihuwa. A Agye da Gazawa babu sauran daji da za a sassabe, gonar da kaka ya noma shi kaɗai yau jikoki ashirin ke kallonta, kuma idan gandu ya matse, gamanar mata ita ake fara ƙwacewa. Abin da ke riƙe da wannan zama duk da ƙuncinsa shi ne gado: uba ya noma, ya tsufa, ya koma ga Allah, a raba, ƴaƴa su ɗora. Ka ba mai gida shekara 150, ɗansa na fari zai kai shekara ɗari yana jiran gona, jikansa ya tsufa bai mallaki ko taki ɗaya ba. Samarin da a yau ke tafiya cin rani Kano da Agadas da Libiya saboda babu wurin noma, ina za su?

Haka abin yake a aikin gwamnati. Ƴan kwantaragi nawa ne ke jiran a ɗauke su aiki na dindindin? Gurbi yana samuwa ne idan na gaba ya yi ritaya. Haka yake a sarauta, haka yake a mulki. A watan Oktoba 2025 aka ayyana Paul Biya na Kamaru, mai shekara 92, wanda ke kan karaga tun 1982, a matsayin wanda ya sake cin zaɓe. Mu a Nijar mun san kalmar tazarce tun 2009. Ana iya gyara tsarin mulki, ana iya ɗage zaɓe, amma zuwa yau wa'adi ɗaya ne babu mai mulkin da ya iya yi wa tazarce. Ba mamaki ba ne da aka ji wannan hira a bakin shugabanni biyu da suka daɗe a kan mulki.

Akwai kuma abin da ya shafi zuciya. Kowane malami ya san yadda aji ke canzawa idan aka kafa ranar jarrabawa. Ka ce wa ɗalibai jarrabawa babu rana, ka ga wanda zai buɗe littafi. Sanin cewa kwana ƙidayayye ne shi ke sa mutum ya nemi gafarar ɗan uwansa kafin ya yi tafiya, ya biya bashi, ya aurar da ƴarsa, ya zauna ya gaya wa jikansa iyakar gona da tarihin gida. Alƙur'ani ya ba mu labarin cewa da alkawarin dawwama Shaiɗan ya ruɗi Annabi Adamu. Annabi Nuhu, da ya yi shekara 950 cikin mutanensa, shi ma ya tafi.

Masu ja da ni ta gefe biyu

Na san akwai mai cewa: "Malam, ka gama magana. Tunda ajali ba ya gaba ba ya baya, allurar nan da ƙwayoyin damina duk wahalar banza ce." Wannan magana ta fi ta Putin haɗari a wurinmu, domin ita ce ke sa a rufe ƙofa idan masu rabon magani sun zo, ita ce ke sa a bar yaro kwana uku jikinsa na zafi kafin a nemi amalanke. Ajali na Allah ne, babu musu. Amma Wanda ya ƙaddara ajali shi ya ƙaddara sababi. Malamanmu suna karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni da neman magani, ya kuma sanar cewa kowace cuta tana da nata, in ban da tsufa. Sayyidina Umar da ya ji annoba ta ɓarke a Sham ya juya da tawagarsa, da aka tambaye shi ko ƙaddara yake gudu, ya nuna cewa juyawar ma ƙaddara ce. Babu manomin da ke ƙin shuka don arziki na Allah ne. Attajirin da ya ce ba zai mutu ba, da uban da ya bar yaro ya mutu da cutar da ake warkarwa da ƙwaya shida, kowannensu ya ƙetare iyaka: ɗaya ya ɗauki abin da ba nasa ba, ɗaya ya yar da amanar da aka ba shi.

Ta ɗaya gefen kuma akwai mai cewa: "Ka yi murna da aka tashi daga 40 zuwa 60. Me ya sa kake tsoron a tashi daga 60 zuwa 150? Ashe ba hanya ɗaya ba ce?" Tambaya ce mai nauyi, kuma ba na adawa da binciken tsufa. Tsofaffinmu suna fama da hawan jini da ciwon suga da shanyewar ɓarin jiki da yanar ido da ruɗewar tunani. Duk binciken da zai sa tsohuwa ta yi alwala da kanta, ta gane jikokinta har ranar ƙarshe, ina maraba da shi. Bambancin yana ga manufa. Likita yana neman mutum ya cika kwanansa da lafiya. Mai tallan dawwama yana sayar da alkawarin da babu wanda ya taɓa cikawa, ga mutanen da suka riga suka fi kowa samun rabo.

Harshenmu ma ya daɗe da raba wannan gardama. Ranar suna mukan ce Allah ya raya. Ga basarake mukan ce ranka ya daɗe. Ga dattijo mukan ce Allah ya ja kwana. Bahaushe yana son tsawon rai, ba ya ɓoyewa. Amma bakin da ya faɗi waɗannan shi ke cewa Allah ya sa mu cika da imani, Allah ya kyautata ƙarshenmu. Ban taɓa jin wanda ya yi wa masoyinsa addu'ar kada ya mutu ba.

Abin da ke hannunmu

Idan yaro yana son ya ga yadda mutum ke wanzuwa bayan ransa, a kai shi Ɗan Saga a yankin Agye. Bayan farin shekarun 1970 da 1980 gonakin wannan yanki sun zama fili fetal, iska na kwashe shuka. Daga 1983 aka fara yaɗa sassaben zamani a jihar Maraɗi, tare da wani ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo: maimakon a tumɓuke kututture, sai a zaɓi tohon da ya fi ƙarfi a gyara shi a kare shi. Manoma suka karɓa, ƙauyuka irin su Ɗan Saga suka kafa kwamitocin tsaron itatuwa. Yau ana ƙiyasin itatuwa wajen miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Da yawa daga dattawan da suka fara wannan aiki sun kwanta dama. Gawon da suka bari yana nan, yana kaɗe ganyensa da damina ya ba hatsi taki da haske, ya yi ganye da rani ya ba dabbobi abinci. Wannan ita ce sadaka mai gudana da malamai ke faɗa, tare da ilimi mai amfani da ɗa na gari mai addu'a. Malamin da ya koya wa yarinya karatu, ta girma ta iya karanta katin allurar ɗanta, yana cikin wannan layi.

Saboda haka ga roƙona ga ƴan uwana malamai. Idan tambayar nan ta zo, kada mu kashe ta. Mu mayar da ita darasi: a rubuta 318 da 127 da 122 a allo, a bar yara su faɗi abin da kowane adadi ke nufi. Mu koya musu su tambayi duk bidiyon da ya zo musu: wa ya faɗa, a kan ɓera aka gwada ko a kan mutum, kuma me mai maganar ke sayarwa? Tambayoyin nan za su kare su daga masu tallan maganin tsufa a lasifikar kasuwa, za su kuma kare su daga sabbin manhajojin da ke motsa hoton mamaci su kwaikwayi muryarsa. Yaron da ya rasa uwa yana buƙatar a gaya masa a fili cewa na'ura ce ke magana, uwarsa addu'arsa take buƙata.

Iyaye kuma, damina na zuwa kowace shekara da sauronta. Idan masu rabon magani sun yi sallama, a buɗe musu, a kuma ba yaro ragowar ƙwayoyin na kwana biyun da ke biye, kada a ajiye su a ƙarƙashin katifa. A cika allurai. A ɗaura gidan sauro a kan yara, a daina shinge lambu da shi. Abincin masu tamowa na yaron da aka rubuta wa ne, kada a kai shi kasuwa. Zazzaɓi ya kwana ɗaya, a tafi gidan likita. A taron iyayen yara kuma a riƙa tambaya, da ladabi amma ba fasawa, yaushe za a mayar da ajin zana na bulo.

Su Putin da Xi su ci gaba da lissafin shekara 150. Mu lissafinmu shi ne yaron da aka raɗa wa suna bana ya kai shekara biyar, ya shiga lakwal, ya girma, ya binne iyayensa maimakon su binne shi. Allah ya raya mana zuriya, ya ba tsofaffinmu lafiya, ya sa mu cika da imani.